Ina Haikalin Kirista Yake?

Mutane da yawa a garuruwanmu suna zaton cewa, a wurin Kirista, majami'a ita ce ɗakin da Allah yake zaune. Littafinsu bai koyar da haka ba. Ni dai a ganina duk wanda ya iya karatu ya kamata ya san wannan magana, Musulmi ne ko Kirista, tunda kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke sha.

Bari mu koma baya. A birnin Ƙudus, wanda Kirista ke ce ma Urushalima, Annabi Sulemanu ya gina babban ɗakin ibada. Sunansa haikali. Can ciki akwai ƙuryar ɗaki da ake kira Wuri Mafi Tsarki. An tsare ƙofarta da labule. Ba mai shiga sai babban firist, wato shugaban masu miƙa hadaya. Shi ma sau ɗaya a shekara, ranar kafara, riƙe da jinin dabba don neman gafarar jama'a. Ku duba fa, ƴan uwa: mutum ɗaya, rana ɗaya. Saura duka suna waje suna jira, kamar talakawa a ƙofar fada.

Sojojin Babila sun rushe wannan haikali. Aka sake gina shi. Daga baya Sarki Hirudus ya ƙara masa girma. Wannan na biyu shi ne Annabi Isa, wanda Kirista ke kira Yesu, ya tarar.

To, ga inda maganar take. Linjila ta Yahaya, sura ta 2, ta ce Yesu ya gaya ma mutane cewa ko sun rushe haikali, zai tada shi cikin kwana 3. Suka yi mamaki, don ginin ya ci shekara 46 ana aiki. Mai littafin ya bayyana cewa jikinsa yake nufi. Wato a fahimtar Kirista, Allah da ake nema bayan labule ya zo ya zauna cikin jikin ɗan Adam, mai jin yunwa, mai gajiya. Shi suke kira zama mutum. Kuma Linjila ta Matiyu, sura ta 27, ta ce lokacin da Yesu ya mutu a kan gicciye, labulen nan ya tsage biyu, daga sama har ƙasa. Sun ce daga sama ya fara tsagewa, ke nan ba hannun mutum ba ne. Ƙofa ta buɗe, ba sauran yanka dabba, kowa na iya kusantar Allah. Ceton da suke faɗi ke nan.

Musulmi bai yarda da wannan ba, kowa ya sani. A wurinsa Annabi Isa manzo ne, bawan Allah, kuma ba a gicciye shi ba. Ba gardamar nan na zo rabawa ba. Sanin abin da maƙwabcinka ya gaskata bai raba ka da naka.

A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, sojojin Roma suka ƙone haikalin Ƙudus. Har yau ba a sake gina shi ba. Addinin Kirista bai tsaya ba saboda haka. Tun kafin nan, Manzo Bulus ya rubuta ma mutanen Korinti cewa su kansu, da jikinsu, su ne haikalin Allah.

Shi ya sa abin da ya faru a ƙasarmu a watan Janairu na 2015 yake ci mani rai. A Damagaram ran 16, a Yamai ran 17, fushin zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ya faɗa kan majami'u. Aka ƙone da yawa. Waɗanda ke sujada a ciki ƴan Nijar ne, ba su zana kome ba. Masu kunna wutar sun ɗauka zuciyar addinin suka taɓa. Kwano da kujeru suka ƙona, kuma an mayar da yawancinsu. Amma cikin kwanakin nan 2 mutum wajen 10 suka rasu. Su kam ba magini da zai tada su.