Ƙurar zinariya da huhun ƴaƴanmu

Tun shekarar 2014, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan, samarin Damagaram da yawa sun sake hanyar cin rani. Da an gama girbin gero, sai su nufi arewa. Wasu sun komo da kuɗin aure da shanun noma. Wasu kuwa da tari suka komo. A kan wannan tari muke son mu ja hankalin jama'a.

Dutsen zinariya ba zinariya kaɗai ke cikinsa ba. A wurare da dama yana ɗauke da wata guba mai suna arsenik. Ba ta wari, ba ta da ɗanɗano. In aka niƙa dutsen a bushe, ko aka ƙona shi, sai ta bi ƙura da hayaƙi ta shiga ƙirji. Ba ta kayar da mutum nan take. Sai bayan shekaru masu yawa take iya zama ciwon dajin huhu.

Wannan ba jita-jita ba ce. A 1969, a Amurka, an binciki ma'aikata fiye da 8,000 masu narka tagulla cikin hayaƙin arsenik. Ciwon dajin hanyoyin numfashi ya kashe su ninki uku fiye da sauran jama'a. In ma'aikaci yana shan taba, haɗarin ya daɗa ƙaruwa. Ko babu arsenik, ƙurar dutse kanta tana lalata huhu, ta buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Ba mu ce kowa ya zauna gida ba, don mun san halin da rumbunanmu ke ciki. Amma muna ganin masu rijiyoyi da masu injin niƙa suna da hakki a wuyansu. Su jiƙa dutse kafin a niƙa. Su saya wa yaransu takunkumin ƙura na gaskiya, domin rawani ba ya tare ƙura mai laushi. Za su ce ruwa na da tsada cikin hamada. Gaskiya ne, amma ba a sayar da huhu a kasuwar Dole.

Ku kuma ƴan'uwa, kada ku kawo dutsen cikin gida. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga irin wannan niƙa ta kashe yara fiye da 400. Wanda ya yi mako biyu yana tari, ko ya ga jini cikin majina, ya je likita, ya faɗi aikin da ya yi.

Mai karatu, ka karanta wa wanda ke shirin tafiya bana.