Wa Ya Gwada Mu A Bahindi?

Har gobe in ka zauna a majalisa sai ka ji ana cewa korona ba ta zo Kebbi ba, wai cutar masu hawa jirgi ce. Tambayata ɗaya: wa ya gwada mu?

A Satumba da Oktoban 2020 hukumar NCDC ta bi gida-gida tana ɗibar jini, tana neman sawun da cutar ke bari a garkuwar jiki, ko da mutum ya warke bai san ya kamu ba. A Legas da Enugu an samu kashi 23 cikin 100, Nasarawa 19, Gombe 9. Gombe fa, ba Landan ba! Jihohi huɗu ke nan, babu Kebbi. Tun kafin nan a Kano, sai da masu haƙar kabari suka koka, sannan ministan lafiya Osagie Ehanire ya amsa cewa cikin mutum 979 da suka rasu, rabi ko fiye na iya zama korona ce.

To mu da ake ƙetarawa Benin ta Tsamiya da Lolo, a babur da kwalekwale, ko iyaka na rufe, mu ne za a ce lafiya lau? Lissafin jiha ma ruɗi ne: Birnin Kebbi mai manyan asibitoci daban, Bahindi daban. Inda ba a ƙirga ba, can ne magani ke zuwa a makare.

Sanƙarau ya shiga Gwandu, Jega da Aliero a 2025. Wakilanmu na Bagudo, in aka sake fitowa ɗibar jini, ku tsaya kai da fata a sa Bahindi.