Batirin rikoda ba wurin tsimi ba ne

 Maganar da muka kawo yau ƙarama ce a ido, har wani zai ce ba ta isa shiga wannan takarda ba. Amma wanda ya taɓa zama a bayan rikoda ranar taron mawaƙa ya ga fitilarta ta mutu a tsakiyar waƙa, ya san ba wasa muke yi ba.

Abin ya taɓa faruwa da mu a wata ikilisiya a Sabon Gari. Zumuntar mata sun gayyato wasu iyaye mata daga ƙauye, tsofaffi, da tulunsu da kacau-kacau, suka zo da waƙoƙin da ba su cikin Littafin Waƙoƙi, ba a kuma rubuta su a ko'ina ba. A ka suke. An aiki yaro da safe ya sayo batir a bakin titi, mafi araha, domin ma'aji ya ce kuɗin da ya rage ke nan. Waƙa ta uku ba ta ƙare ba rikoda ta ɗauke. Mai ba da waƙar a ranar, Mama, ba ta kai taron shekara mai zuwa ba. An ciyar da baƙi, an biya motar da ta kawo su, an ɗinka anko, aka zo kan batir aka yi tsimi.

Ra'ayinmu shi ne kowace ikilisiya mai rikoda ta daina sayen batir da safiyar taro, ta sayi batura masu caji da abin cajinsu daga asusunta, ta kuma damƙa su hannun mutum ɗaya.

Ga dalili. Batura masu girman AA da muke gani a kasuwar Sabon Gari da shagunan Fagge kamarsu ɗaya, amma cikinsu daban. Akwai na zinki da gawayi, irin su Tiger Head da muka saba sa wa rediyo da tocila. Ba mu raina su ba, sun yi wa gidajenmu aiki shekaru da yawa. Sai dai rediyo kaɗan-kaɗan take shan wuta, ita kuwa rikoda irin su Zoom H4n ko Tascam DR-40 zuƙa take yi, ga allo a kunne, ga rubutu a katin memori ba tsayawa. Irin wannan batir ba a yi shi domin wannan nauyi ba, nan da nan ƙarfinsa ke faɗuwa. Idan kuma aka haɗa makirfo mai neman wutar bolt 48 daga jikin rikoda, to abin ya ƙara muni.

Na biyu shi ne alkalin, irin su Duracell da Energizer. Yana farawa da bolt 1.5 ya riƙa sauka a hankali, kuma na gaske yakan kai ƙarshen sujada. Matsalarsa biyu ce: kuɗi duk mako, da jabu. Wanda ya sayi alkalin da farashin da bai kai rabin na babban kanti ba, ya tambayi kansa me ya saya.

Na uku, wanda muke goyon baya, shi ne mai caji da ake rubuta NiMH a jikinsa. Bolt 1.2 yake bayarwa, ƙasa da na alkalin, kuma wannan ne ke sa wasu 'yan'uwa gudunsa. Kuskure ne. Yana riƙe wannan ƙarfin daidai kusan har ya ƙare, kuma ya fi alkalin jure na'ura mai zuƙar wuta. A da aibinsa shi ne yakan zube da kansa idan an ajiye shi, balle a zafin Afrilu na Kano. Tun 2005 da kamfanin Sanyo na Japan ya fito da Eneloop, wanda yanzu Panasonic ke yi, aka samu irin da ke riƙe cajinsa watanni. Masu yin sa sun ce ana iya cajinsa har sau 2,100. Mu ɗauka sun cika baki, mu raba gida goma: sau 210 ya kai Lahadin shekara huɗu. A kula da lambar da ke jikinsa kuma. Eneloop na yau da kullum wajen 1,900 zuwa 2,000 mAh yake, kuma AA mai caji na gaskiya ba ya kai 3,000. Wanda aka rubuta masa 4,000 ko fiye, a mayar wa mai shago abinsa.

Wasu dattawa za su ce da wace wutar za a yi cajin? Tambaya ce mai kyau. Amma wayoyinmu ba sa kwana ba caji, kuma janareton coci yana aiki duk ranar koyon waƙa. Akwai abin caji mai shiga USB da ke aiki da fawa bank ko sola. A sayi jeri biyu ko uku, a sa musu alama, kada a gauraya sabo da tsoho ko iri da iri. Wasu kuma za su ce a jona rikoda da wutar janareto kawai a huta. Mun gwada. Wani lokaci gurnanin wuta yakan shiga cikin sautin, kuma ranar da mai ya ƙare, idan babu batir a ciki, fayil ɗin da ba a rufe ba yana iya lalacewa gaba ɗaya, har da abin da aka riga aka ɗauka.

Abu ɗaya da matasanmu ke yawan mantawa: yawancin waɗannan rikodoji suna da wuri a cikin saiti inda ake gaya musu irin batirin da aka sa. Idan an bar shi a kan alkalin aka sa mai caji, alamar batir za ta yi ƙarya. Shi kuma mai caji idan ya zo ƙarewa ba ya jan lokaci, saboda haka a canza shi lokacin sanarwa ko baiko, kada a jira sanda ta ƙarshe. Bayan taro a cire batura daga rikoda, domin alkalin da na gawayi sukan yi yoyo su ci ƙarfen ciki.

Akwai na litiyam marar caji, mai daɗewa da jure zafi, amma da tsada. Guda biyu ko uku a aljihun jaka domin ranar tafiya ƙauye sun isa.

Muna roƙon dattawan ikilisiyoyi su sa wannan cikin kasafin shekara tare da man janareto, kafin a fara koyon waƙoƙin Kirsimeti. Shugabannin zumuntar mata kuma su rubuto mana sunayen ƙauyukan da har yanzu akwai iyayen da ba a ɗauki muryarsu ba.