SHARHI: Ajaokuta da tarkon "mun riga mun kashe kuɗi"

Duk lokacin da batun masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta ya taso a Majalisar Tarayya ko a teburin minista, hujja ɗaya ce ke riga sauran fitowa: an narkar da dukiya mai yawa a kanta, bai kamata a bari ta tafi a banza ba. Masu kawo wannan hujja galibi da zuciya ɗaya suke yi. Sai dai masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa tana cikin kurakuran tunani da suka fi yaudarar masu hankali.

A 1979 aka sa hannu kan kwangilar gina masana'antar da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet, Shugaba Shehu Shagari kuma ya aza harsashinta a 1980. Zuwa 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin 100, amma har yau babbar tanderun narka tama ba ta taɓa aiki ba. A 2004 aka miƙa ta ga wani kamfani na 'yan Indiya, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'adua ta soke yarjejeniyar a 2008, rikici ya ɓarke, har a 2022 Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496 don a kashe maganar. A 2023 Shugaba Tinubu ya kafa ma'aikata ta musamman kan ƙarafa, a 2024 kuma aka sake ƙulla yarjejeniyar fahimtar juna da kamfanin nan na Rasha.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar asarar jiya a matsayin dalilin kashe kuɗin gobe. Abin da aka kashe tun 1980 ya tafi, ko an ci gaba da aikin ko an dakatar. Birtaniya da Faransa sun faɗa wannan rami da jirgin sama na Concorde: sun ci gaba da zuba masa kuɗi bayan ta bayyana ba zai mayar da jarinsa ba, don kunyar janyewa ta fi musu zafi. A 2003 aka ajiye jirgin. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowa ce aiki.

Na biyu shi ne maƙalewa ga lambar da aka fara ji. Daniel Kahneman, wanda ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 2002, da abokin bincikensa Amos Tversky sun nuna cewa adadin farko da ya shiga kunnen mutum yakan ja duk wani ƙiyasi da zai yi daga baya. Wanda ya ji "kashi 98" zai ɗauka saura ƙiris. Amma injunan fasahar shekarun 1970 ne, kuma tanderun na buƙatar tama daga Itakpe, da gawayi na musamman, da layin dogo mai aiki kullum. Shi kansa layin Itakpe zuwa Warri da aka fara a 1987, sai a 2020 aka ƙaddamar da shi.

Na uku ya fi shafar ma'aikatan gwamnati da hadiman manya kai tsaye: neman hujjar da za ta gaskata abin da aka riga aka yi imani da shi. Idan maigida ya tsaya gaban 'yan jarida ya yi alƙawarin farfaɗo da aiki, jami'in da zai rubuta masa takardar shawara yakan tsinci kansa yana tattaro alkaluman da suka dace da alƙawarin, yana tsallake waɗanda suka saɓa masa. Sau da yawa bai ma san yana yi ba. Fayil ya bi ofis biyar, kowa ya rattaba hannu, a ɗauka an yi nazari sau biyar, alhali ra'ayi ɗaya ne ya zagaya.

Wannan duk ba ya nufin a rufe Ajaokuta. Wataƙila lissafi na gaskiya ya nuna farfaɗo da ita ya fi alheri, wataƙila ya nuna akasin haka. Abin da ake buƙata shi ne a yi tambayar da ta dace: in da yau za a fara, babu sisin da aka taɓa kashewa, nan za a sa wannan naira, ko a wutar lantarki, ko a asibiti? Sannan a duba yadda takwarorinta suka ƙare, irin su masana'antar ƙarafa ta Aladja a Jihar Delta, kuma a ɗora wa wani jami'i nauyin rubuta hujjojin da ke adawa da aikin ba tare da ya ji tsoron makomar kujerarsa ba.

Kowace ma'aikata tana da ƙaramar Ajaokutarta: ginin da aka bari a lintel, kwangilar da ake sabunta wa kasafi kowace shekara. Jami'in da ya rubuta a fayil cewa a dakata a sake lissafi bai ci amanar maigidansa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.