A gwada fastar wayar da kai a tasha kafin a buga dubunta

A shekarar 2013 gidauniyar ANAR ta ƙasar Sifaniya, mai kula da yaran da ake cin zarafinsu, ta fito da wata fasta da ta ja hankalin duniya. Babba idan ya tsaya gabanta, fuskar yaro kawai zai gani da ɗan gajeren gargaɗi. Wanda tsayinsa bai kai mita 1.35 ba, wato kimanin tsayin ɗan shekara 10, shi kuma zai ga raunuka a fuskar, da lambar waya 116 111, da saƙon cewa idan wani na cutar da shi ya kira a taimake shi. Ba lantarki, ba kwamfuta. Roba ce mai tsaga-tsaga aka shimfiɗa a kan hoton, irin ta katunan wasan yara da hoto ke sauyawa idan aka karkata su. Manufar ita ce yaro ya samu saƙon ko da yana tafe da mai cutar da shi.

Dabarar ta burge, babu musu. Amma burgewa a bidiyo daban, aiki a bakin titi daban. Yaron da aka riƙe wa hannu ana sauri da shi, daƙiƙa nawa yake da ita a gaban fastar? Zai iya karantawa ya haddace lambar? Daga nisan taku nawa hoton ke sauyawa? Sannan bidiyon da ya bayyana dabarar ya bazu a intanet, manya suka kalla, ciki kuwa har da waɗanda aka yi nufin ɓoye wa. Waɗannan tambayoyi ba a ofis ake amsa su ba. Sai an kafa fastar a inda jama'a ke wucewa, an koma gefe an zuba ido.

Kafin wannan, a 2009, Amnesty International ta kafa wani allo a wurin jiran bas a birnin Hamburg na Jamus, da kyamara mai lura da idon mutane. Idan ba a kallo, hoton miji ne yana dukan matarsa. Da zarar an juyo, sai su koma murmushi kamar babu komai. An yaba, an kuma soki cewa allon ya fi yawo a hotunan intanet fiye da a titi. A 2015 ƙungiyar Women's Aid ta yi kishiyar haka a Landan: raunukan fuskar wata mata na warkewa gwargwadon yawan masu ɗaga kai su kalle ta. Kyamara tana iya ƙirga fuskoki, amma ba za ta faɗi abin da mai kallo ya fahimta ba, balle abin da ya aikata da ya koma gida.

Wannan ne ya sa batun ya shafe mu. Bangon asibitocinmu da tashoshin mota cike yake da fastocin rigakafi, da na kwalara, da na shaye-shaye, kuma yanzu an fara ɗora musu lambar nan mai murabba'i da ake haskawa da waya, ana kiran hakan ci gaba. Matar da ta zo awo da ƙaramar waya mai maɓalli, me za ta haska? Wanda ke da babbar wayar ma sai ya yi lissafin data. Akwai dattijon da ke karanta ajami tiryan-tiryan amma boko ya gagare shi. Akwai kuma abin da masu zane daga nesa ba sa hangowa: kunya. Fastar da ke buƙatar mutum ya tsaya ya ɗaga murfi ko ya danna wani abu a kan cutar da ake ɓoyewa, a tsakiyar kasuwa, kowa zai wuce ta kamar bai gani ba, don kada a ce da shi ake.

Gwajin ba shi da tsada. A buga kwafi biyu ko uku masu bambancin hoto ko kalmomi, a kafa su inda za su zauna, da rana da ƙura da hayaniyar 'yan kamasho. A samu mai lura na kwana biyu, har da ranar kasuwa. A tare waɗanda suka wuce, maza da mata, a tambaye su me suka gani, me ake so su yi, ba tare da an karanta musu ba. Tambayar "ta yi kyau?" ba ta da amfani, domin Bahaushe ba zai kushe aikinka a gabanka ba. Idan akwai lambar waya, a kira ta da dare a ji ko ana ɗauka. Idan kuma akwai kyamara, a sanar da mutane a fili, a faɗi inda hotunansu ke zuwa.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya da na yaɗa labarai da ƙungiyoyin da ke ba da kuɗin irin wannan aiki su ware wa gwaji kasonsa tun a kasafi, su kuma daina karɓar hoton bikin ƙaddamarwa a matsayin rahoto. Abin da ya kamata su nema shi ne a wace tasha aka gwada, mutum nawa aka tambaya, nawa suka fahimta, da abin da aka gyara a fastar kafin a mayar da ita maɗaba'a.