ZAUREN MALAM: Mai Babur Da Rigar Ƙyalli

Ga hunturu ya sake kewayowa, hazo ya rufe gari, rana kuwa tun ƙarfe shida da 'yan mintoci ta ke faɗuwa. Wanda ya tsaya a bakin titin Ali Akilu da almuru, wajen da mutanen Abakpa da na Unguwan Shanu ke fitowa su hau babban titi, zai ga abin da ya sa na ɗauko zancen wannan wata. Motoci na gudu zuwa Kawo, ƙura ta gauraye da hayaƙi, fitilun masu tahowa na kashe ido, ga babura kuma suna kutsawa ta kowane saƙo. Yawancin mahayan sun sa baƙar rigar sanyi, sun naɗe kai da mayafi mai duhu. Sai ka ƙura ido ƙwarai kafin ka rabe mutum da kwalta.

Tambayar ita ce, ko ya kamata mai babur ya riƙa sa rigar ƙyalli, watau falmaran ɗin nan ruwan ɗorawa ko ruwan goro mai ratsin azurfa, irin wadda mu ke gani a jikin ma'aikatan hanya da masu share titi? A ganina ya kamata. Amma ba don an ga Turawa na yi ba, akwai dalili, akwai kuma iyakar abin da rigar za ta iya.

Duk wanda ya taɓa isa wurin da mota ta buge babur ya san maganar da direba ya kan fara yi, jikinsa na rawa: "Ban gan shi ba." Jama'a kuwa su kan ce ƙarya ya ke yi. Wani lokaci ƙaryar ce, amma sau da yawa gaskiya ya faɗa. A shekarar 1981 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Harry Hurt ya fitar da sakamakon binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan haɗarin babur 900 a birnin Los Anjeles. Suka iske wajen kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, galibi mota. A cikin waɗannan kuma, biyu cikin uku direban ne ya shiga wa mai babur hanya, don bai gan shi ba, ko kuwa ya gan shi bayan lokaci ya ƙure. Babur siriri ne. Direban da ke jira a mararraba mota idonsa ke nema, abu mai faɗi, mai fitila biyu. Fitila guda cikin duhu ba ta gaya masa nisanka, ba ta gaya masa gudunka.

Bari in yi muku ɗan lissafi, tun da aikina ke nan. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ke gabansa, ya ɗaga ƙafa ya taka burki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, in ma ba a gajiye ya ke ba. Bayan ya taka, motar za ta ƙara jan wajen mita 20 a kan busasshiyar kwalta, in tayoyi da burki na da kyau. Jimla mita 37 ke nan. To, waɗanda suka auna ganin dare sun ce mutum mai baƙin tufa, a gaban ƙaramar fitilar mota, ba a ganinsa sai saura mita 25 zuwa 30, amma mai ratsin ƙyalli ana hango shi tun daga nisan mita 100 da ɗoriya. Yanzu ku dubi mutumin da babur ɗinsa ya mace masa a gefen hanya yana turawa, ko ya tsaya a tsakiyar titi yana jiran ya juya, danjarsa kuma ba ta ci. Ko ɗan aji biyu ya san 37 ta fi 30. Wannan fa ƙaramar mota ce. Tirela mai ɗauke da kaya a kan titin Nnamdi Azikiwe, wanda mu ke kira Baifas, tana bukatar fili fiye da haka nesa ba kusa ba.

Rigar nan abu biyu ne aka haɗa, mutane da yawa kuwa ba su rarrabe su ba. Launin nan mai kashe ido na rana ne, musamman da sassafe, da almuru, da lokacin hazo ko hadari, gama yana karɓar wani sashen hasken rana da idon mutum ba ya gani, ya mai da shi hasken da a ke gani. In dare ya yi sosai, ba shi da bambanci da kowane yadi. Ratsin azurfar shi ne na dare. A jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gilashi, sun fi yashi laushi, masu mai da haske daidai inda ya fito, kamar yadda idon kyanwa ke yi in ka haska ta da tocila. Saboda haka falmaran da ba ta da ratsi ba ta dare ba ce, ko da launinta ya kai me. Ratsin ma sai haske ya faɗa masa ya ke aiki. Direban da ke fitowa daga lungu, fitilarsa na duban wani gefe, ba zai ga ƙyallinka ba, sai dai fitilarka.

An gwada abin a ƙasar Niyu Zilan. Daga 1993 zuwa 1996, a birnin Okland, masu bincike suka kwatanta mahaya 463 da suka ji rauni ko suka mutu a haɗari da waɗansu 1,233 da aka tsayar a bakin hanya suna tafiyarsu lafiya, aka buga sakamakon a 2004. Masu sa tufa mai ƙyalli ko mai launi mai haske, kasadar haɗarinsu ta ragu da kashi 37 cikin 100. Farar hular kwano ta fi baƙa da kashi 24, kunna fitila da rana kuma kashi 27. Lalle Okland ba Kaduna ba ce, mai yiwuwa kuma mutumin da ya damu ya sa irin rigar nan dama can mai hankali ne a kan hanya. Har wa yau, falmaran ruwan ɗorawa a tsakiyar keke napep goma masu ruwan ɗorawa a bakin kasuwa ba wani fice za ta yi ba. Duk da haka, kashi 37 ba abin yar wa ba ne. In wani magani zai rage zazzaɓin yara da haka, da tuni mun yi layi.

To, me ke hana mu? Ba kuɗi ba ne, gama falmaran ba ta kai kuɗin cika tankin babur sau ɗaya ba. Wata uwa a unguwarmu ta kawo mini ƙarar maigidanta, ma'aikaci ne mai shekaru, yana komowa daga aiki bayan faɗuwar rana. Ɗansu ya sayo masa rigar, ya duba ta sama da ƙasa, ya ce, "Ni za ka mai da ɗan acaɓa?" Rigar tana nan rataye a bayan ƙofa, an ce mini yanzu a cikin aljihunta a ke ajiye makullin kicin.

Kada mu yi saurin yi wa dattijon dariya. A garuruwanmu falmaran mai lamba a baya ta daɗe da zama shaidar sana'a, ƙungiyoyin masu haya ke raba wa 'ya'yansu domin a san wanda ya yi rajista. Haka a Kwatano, da ka ga riga ruwan ɗorawa mai lamba ka san ɗan haya ne. Sa'an nan ga abin da sana'ar ta sha a Arewa. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano. A 2014, zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, aka yi dokar hana acaɓa a cikin garin Kaduna. A ƙarshen Satumban 2021 kuma gwamnatin Nasir el-Rufa'i ta hana hawan babur gaba ɗaya na wata uku saboda 'yan bindiga. Mutumin da ya ga duk wannan ya koyi cewa zaman lafiyarsa shi ne kada a lura da shi. Yanzu kuma mu ce masa ya sa rigar da za ta sa kowa ya gan shi, har a ɗauke shi ɗan haya a tsayar da shi? Tsoronsa yana da tushe. Girman kan ne ba shi da shi, gama ɗan acaɓa ba ɓarawo ba ne, neman abincin iyalinsa ya ke yi kamar kowa, mota kuma ba ta tambayar matsayin mutum a ofis kafin ta same shi.

Amma ba lalle sai falmaran ba. Ana sayar da ratsin nan gaba-gaba a wajen masu kayan ɗinki, kowane tela zai iya ɗora shi a bayan rigar sanyi da hannuwanta. Akwai ɗamara mai ƙyalli da a ke ratayawa ta kafaɗa, in an isa a naɗe ta a sa aljihu. Akwai mai manne da a ke liƙawa a hular kwano da bayan babur. Wanda zai sayi hula, ya sayi fara. Ba mai ganin ɗayan waɗannan ya ɗaga masa hannu ya ce, "Kasuwa nawa?"

Ga wani abu da na ke gani kowace safiya a ƙofar makaranta, wanda masu zancen rigar ba su cika tunawa ba. Babur ɗinmu ba na mutum ɗaya ba ne. Uba yana gaba, ƙaramin yaro a kan tanki, biyu a baya, wani lokaci har da uwa. In uban ya sa falmaran, wa ke ganin bayanta? Na ƙarshen zama shi ne motar baya ke fara gani, shi ne kuma ta ke fara samu. Saboda haka shi ya fi kowa bukatar ƙyalli. Iyaye mata, ku sa a ɗinka ratsi biyu a bayan jakar makarantar yaro. Ke kuma da za a ɗauko ki daga taron zumunta ko koyon waƙa da dare, yafa farin mayafi ya fi baƙi, ki kuma tattare zanenki kada ya rufe danja. Haka mai ɗaura buhun masara ko jarkoki a baya, ya zaga ya duba ko kayan sun toshe fitila.

Waɗansu za su ce a yi doka kawai, a tilasta wa kowa. A nan ni ina ja da baya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009. Doka ce mai kyau, amma manya a cikinmu sun tuna abin da ya biyo baya: mahaya suka fito da ƙwarya a ka, waɗansu da bokitin fenti, har labarin ya kai gidajen rediyon Turai. Abin da mutum ya sa don tsoron kamu, da ya wuce shinge zai cire. A arewacin Tanzaniya ma an gwada raba wa 'yan haya falmaran kyauta, da aka koma dubawa sai aka tarar ko ɗaya cikin goma ba su cika ba masu sa ta. Faransa ta so ta tilasta sa ƙyalli, mahaya suka yi bore, aka janye. Daga Janairun 2016 abin da dokarsu ta ce shi ne mai babur ya riƙe rigar tare da shi, ya sa in ya tsaya dole a bakin hanya. Kenya kuwa ta tilasta, direba da fasinja. Kowace ƙasa da tata dabara. Abin da na ke gudu a nan gida shi ne doka ta zama wata sabuwar hanyar tatsar talaka, sa'an nan ta ba mai mota abin fakewa, ya buge mutum ya ce ai bai sa riga ba. Ku masu mota a cikin masu karatu, alhakin dubawa yana wuyanku, da riga ko ba riga. In kun zo fita daga lungu, ku duba sau biyu, na biyun domin babur. In kun haɗu da shi da dare, ku rage masa babbar fitila, gama makahon da kuka yi da hannunku kanku zai nufo.

Rigar kuma ba ta maye gurbin fitila. Baburan da ke yawo a garin nan ba danja sun fi a ƙirga, alhali ƙwan fitila da ɗan aikin bakanike na minti goma ne. Kunna fitilar gaba da rana ma mu koya. Maleshiya ta mai da shi doka a 1992, haɗarin da ke faruwa don rashin ganin babur ya ragu da wajen kashi 29 cikin 100. A nan kuwa in ka kunna da rana, mutum biyar za su yi maka nuni da hannu cewa ka manta wuta a kunne. Ka gode musu, ka wuce abinka. Man da fitila ke ci bai taka kara ya karya ba.

Ratsin ƙyalli yana tsufa. Ƙurar hunturu tana dushe shi, dirza da buroshi da guga da shanya cikin rana suna kankare ƙwayoyin gilashin, har ya zama toka-toka, mai shi kuwa yana tsammani har yanzu ana ganinsa. A wanke shi a hankali, a shanya a inuwa. Ga aikin gida ga yaran da ke karanta wa iyayensu wannan shafi: yau da dare ku roƙi Baba ya hau babur ɗinsa a ƙofar gida cikin tufafin da ya saba komowa da su. Ku ja da baya taki hamsin, ku riƙe tocila kusa da ido, ku haska shi ta baya. Sa'an nan ya sa ƙyalli, ku sake haskawa. Bayan haka ku musanya, ɗayanku ya hau, Baba ya riƙe tocilar. Ku rubuto mini abin da ya ce.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.