Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A wajen wani suna da muka je a Tudun Wada, wata 'yar makarantar sakandare ta karanto mana wani labari daga wayarta wanda ya sa mata dariya har da riƙe ciki. Wai wani kamfani mai suna Mercer ya auna tsadar zama a birane 226 na duniya a shekarar 2024, ya tarar Hong Kong ta fi ko'ina tsada, Singafo da Zurik suna biye da ita. Abuja kuwa ita ce can ƙarshe, watau ta fi ko'ina arha, Ikko tana gabanta da taki ɗaya. Sai wata tsohuwa wadda ɗanta yake gadi a Abuja ta ce, "To in haka ne, don me yaron nan yake kwana can Mararraba ta Jihar Nasarawa, kullum yana bin mota da asuba?"

Tambayar tsohuwar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. Mutanen kamfanin ba ƙarya suka yi ba. Sun yi awonsu ne da dalar Amurka, domin amfanin manyan ma'aikatan da ake turawa aiki ƙasashen waje. A farkon shekarar 2023 dala ɗaya a banki ba ta wuce naira 460 da 'yan kai ba. A watan Yuni na shekarar gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin a je ko'ina cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Saboda haka baƙo mai dala a aljihu ya wayi gari kuɗinsa sun ninka uku, ya ga Abuja kamar kyauta ake yi. Mu kuwa masu naira, a shekarar 2023 ɗin aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota daga Kwanar Dangora zuwa Kano ya bi ta a guje. Gari ɗaya ne, amma lalita biyu ce.

Wata za ta ce, ina ruwan matar aure ta Kiru ko Doguwa da tsadar biranen duniya? Da ruwanta ƙwarai. Yau mata ne suke cika layin Umra. Mata suna zuwa Dubai da Alkahira saro kaya, wasu suna raka marasa lafiya asibitin Masar ko Indiya, wasu suna zuwa biki Maraɗi ko Kumasi. Galibi kuɗin tafiyar nan na adashi ne, ko na kiwo, ko na 'yan kunnen zinariya da aka sayar. Ra'ayina shi ne, kada mace ta yarda da kalmar "arha" daga bakin kowa sai ta zauna da fensir da takarda ta mai da kowane abu naira, sa'an nan ta auna shi da abin da take samu a wata.

Abu na farko da za ki duba shi ne canji. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75. Haka dirhamin Dubai, dala ɗaya dirhami 3.67. Ma'anar wannan ita ce, duk ranar da dala ta tashi a Wapa, Makka da Dubai sun ƙara miki tsada ko da mai shago a can bai ƙara ko kwabo ba. Idan dala tana naira 1,500, riyal ɗaya naira 400 ke nan. In kin ji an ce abu "riyal 10 kawai", ki ji shi a kunnenki naira 4,000. Alkahira tata daban ce, domin a watan Maris na 2024 kuɗin Masar ma sun faɗi, daga kamar fam 31 a kan dala zuwa kusan 50, shi ya sa burodi da wake da jirgin ƙarƙashin ƙasa na can ba su kai na biranen Larabawa masu arzikin mai cizo ba. A Landan kuwa, hawan bas sau ɗaya a 2024 fam 1.75 ne, watau sama da naira 3,000. Ko nan kusa, sefar Nijar da Kwatano a ɗaure take da yuro, don haka da naira ta faɗi sai Maraɗi ta yi mana nisa ba tare da ta matsa ba. Ki kuma kula da ƙirgar mutanen Nijar, domin "dala" a bakinsu sefa 5 ce, in mai tebur ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Manya suna ba mu labari cewa a 1980 dalar Amurka ba ta kai kwabo 60 ba. Wannan zamani ya wuce, kada a yi mana lissafin yau da labarinsa.

Abu na biyu shi ne takardu, waɗanda ake biya tun ƙafa ba ta bar gida ba. Akwai fasfo, akwai katin allurar shawara, akwai biza. Bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, irin su Faransa da Jamus, ta koma yuro 90 tun watan Yuni na 2024, kuɗin da ya fi mafi ƙanƙantar albashi na wata biyu, kuma in an hana ki ba a mayar miki da ko sisi. Dubai ta taɓa rufe wa 'yan Nijeriya ƙofar biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024, mata 'yan kasuwa da yawa suka zauna da jarinsu a hannu. Amma Gana da Togo da Jamhuriyar Benin, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Nijeriya yana shiga ya yi kwana 90 ba biza. Ga shi kuma a Nima ta Akara da zangon Kumasi Hausa ake yi, tuwo ake ci. Garin da ba ki biya biza ba, kuma kina da 'yar'uwar da za ta shimfiɗa miki tabarma, ya riga ya fi wanda aka rubuta masa arha a jarida sauƙi.

Abu na uku, wanda ya fi cin mutane, shi ne masauki da zirga-zirga. Bari in ba ku labarin wata innata. A 2024 ta sayar da bijimai biyu da ta shekara tana kiwo, ta haɗa da kwasar adashinta, ta ba wani mutum da ya ce shi wakilin wani kamfani ne, kuma kujerarsa ta Umra ta fi ta kowa arha. Ba ta tambayi sunan masauki ba, ba a kuma rubuta mata komai a takarda ba. Cewa kawai aka yi "kusa da Harami ne". Da suka isa Makka sai ta tarar kusan nan ba ta mai ciwon gwiwa ba ce, dole sai da mota. Riyal 10 zuwa, riyal 10 dawowa, watau naira 8,000 ke nan kowace rana, ban da abinci, wanda ashe shi ma ba ya cikin kuɗin da ta biya. Kafin mako ya cika guzuri ya yi rabi. Sai ta koma yin wasu salloli a ɗaki don ta rage kuɗin mota, alhali kuwa sallar Harami ce ta raba ta da bijimanta. Ga kuma jerin sunayen masu jiran tsaraba da ta tafi da shi a jaka. Ƙarshe ta ci bashi a wajen abokiyar tafiya, da ta dawo ta sayar da masararta tun da kaka, lokacin da buhu ba shi da daraja, don ta biya. Allah Ya karɓi ibadarta. Amma da ta yi tambaya uku kafin ta miƙa kuɗi, da ba ta shiga wannan hali ba. Dama Hausawa sun ce arha ba ta ado.

Mu duba aikin Hajji da irin wannan ido. A 2023 kujerar maniyyacin Arewa ta tasam ma naira miliyan 3, a lokacin mafi ƙanƙantar albashi naira 30,000 ne, watau albashin kamar shekara 8 ba ci ba sha. A 2025 kujerar ta haura miliyan 8 da dubu 400, albashin kuma ya koma 70,000, watau wata 120, shekara 10 cur. Kun ga an ƙara albashi, amma Makka ta ƙara nisa. Guzurin da aka ba kowane alhaji a 2025 dala 500 ne, riyal 1,875 ke nan, in za a yi wata guda bai fi riyal 60 da 'yan kai a rana ba. Wadda ta san haka tun tana gida ba za ta ƙarar da shi a kasuwar Madina cikin kwana uku ba. Ki gwada wannan awo da abin da kika sani. In ke manomiya ce ki ce buhun masara ko shinkafa nawa ne, in mai ƙosai ce ki ce ribar kwana nawa ce. Wannan ne mudun da ba ya ƙarya.

Kakanninmu sun fi mu iya wannan lissafi ko da ba su yi boko ba. Masu zuwa Makka a ƙasa sukan bi ta Barno su ratsa Cadi da Darfur, su tsaya noman auduga a Jazira ta ƙasar Sudan har su tara guzurin gaba, sa'an nan su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar takan ɗauki shekaru, wasu ma can suka zauna, jikokinsu suna Sudan har yau. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kuwa ba sa tashi sai madugu ya san zango nawa ne, kuɗin fito nawa za a biya, kuma wane fatoma ne zai sauke su. Ba wanda ya ɗaura wa jaki kaya don ya ji an ce goro yana arha.

Na san akwai mai cewa tafiyar ibada ba a yi mata ƙididdiga, Allah ne mai rufin asiri. Gaskiya ne Allah ne mai rufin asiri. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Hajji bai wajaba ba sai a kan mai iko, ikon nan kuwa ya haɗa da guzurin zuwa da dawowa da abin da za a bar wa iyali. Lissafi bai rage tawakkali da komai ba.

Saboda haka ga shawarata. In Hajji ne, ki bi ta jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku, ki biya ta banki, ki riƙe rasit. Akwai kuma adashin gata na alhazai wanda hukumar NAHCON ta buɗe tare da bankin Jaiz a Kano a 2020, inda ake tarawa kaɗan kaɗan. In Umra ce, ki tabbata kamfanin yana da lasisin hukumar, a rubuta miki sunan masauki, da tafiyar minti nawa ce a ƙafa zuwa Harami, da mutum nawa ne a ɗaki, da ko akwai abinci. Ki sani goman ƙarshe na azumi ita ce mafi tsada a shekara, wadda lalitarta ba ta da nauyi tana iya zaɓen wani wata. In saro ne, ki haɗa tikiti da biza da masauki da kuɗin dakon kaya da na kwastan, ki raba a kan kowane turmi, sa'an nan ki je Kantin Kwari ki ji farashi. Sau da yawa za ki tarar Kano ta fi. Ki yanka wa tsaraba iyaka tun daga gida, dabino da zamzam sun isa albarka. Ki kuma ware wani abu a gefe na larura, ki zauna da maigida ku duba takardar tare, domin in bashi ya biyo baya gidan duka zai taɓa.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ga aikin gida. Kowace ta rubuta abin da zai ci mutum ɗaya daga garinku zuwa Kano ya ga Gidan Makama da Dutsen Dala ya dawo, da kuɗin mota da na A Daidaita Sahu da abinci da ruwa. Ku yi wa madatsar ruwa ta Tiga irin wannan, ku ga wanne ya fi sauƙi. Yarinyar da ta iya wannan ita ce gobe za ta zauna kusa da mahaifiyarta ta mai da riyal naira kafin a sayar da sa. Tafiya mabuɗin ilmi ce, ba na hana kowa, ina dai tuna mana cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya kai mu Ɗakinsa da halalinmu, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya, amin.